JAN FARCE MAI DAƊEWA: HUKUNCINSA GA TSARKI DA YADDA AKE CIRE SHI A GIDA

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya shar'anta mana tsarki kafin tsayuwa gabanSa. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wani abu ƙanƙane ga ido, wanda faɗinsa bai wuce akaifa ba, amma kuwa sallar mako biyu ko uku tana iya rataya a kansa. Muna nufin jan farcen nan na zamani, wanda mata ke kira verni, musamman irin wanda ake gasawa cikin fitila, ya zauna a hannu ba ya fita. Mun san mafi yawan masu karɓar wannan takarda a ƙofar masallaci maza ne, kuma wani zai ce ina ruwansa da kwalliyar mata. To, akwai ruwansa ƙwarai, domin shi ne uban amarya, ko mijinta, ko yayanta, sau da yawa ma shi ke biyan kuɗin kwalliyar. Muna roƙon duk wanda ya karanta ya kai gida, a karanta wa iyali.

BAMBANCINSA DA JAN FARCEN DA MUKA SANI

Jan farce na da, shafa shi ake yi, iska ta busar da shi, bayan ƴan kwanaki ya soma ɓarewa da wanki da wanke-wanke, kuma ɗan auduga da maganin gogewa sun ishe shi cikin minti ɗaya. Wannan sabon kuwa ba bushewa yake yi ba. Wani irin danƙo ne mai ruwa-ruwa, an haɗa shi da sinadarin da ke farkawa idan hasken fitila ta musamman ya taɓa shi. Ana shafa shi hawa-hawa: hawa na ƙasa marar launi wanda ke kama akaifa, sa'an nan launi sau ɗaya ko biyu, sa'an nan hawa na sama mai ƙyalli. Bayan kowane hawa a sa hannu cikin fitilar, daga daƙiƙa 30 zuwa minti 2 gwargwadon irin fitilar, sai danƙon ya sandare ya zama roba. Ya yaɗu a duniya ne daga shekarar 2010, lokacin da wani kamfanin Amurka mai suna CND ya fito da irinsa da ya kira Shellac, sa'an nan wasu suka bi sahu. Yau ana yin sa a shagunan kwalliya na Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa, kuma yakan zauna mako biyu zuwa uku bai tashi ba. Abin da ake yaba shi da shi ke nan, kuma nan ne matsalar take.

HUKUNCI

Allah Ta'ala Ya umurce mu a aya ta 6 ta Suratul Ma'ida da wanke fuskoki, da hannuwa zuwa gwiwar hannu, da shafar kai, da wanke ƙafafu zuwa idon sawu. Akaifa kuwa yanki ce ta hannu da ƙafa, babu saɓani a kan haka. Imam Muslim ya ruwaito daga Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya yarda da shi, cewa wani mutum ya yi alwala ya bar wuri daidai girman akaifa a ƙafarsa ruwa bai taɓa ba, Annabi (S.A.W.) ya gani, ya umurce shi ya koma ya kyautata alwalarsa. Ku duba ma'aunin da ya zo a hadisin: gwargwadon akaifa guda. Ina ga akaifu goma, ko ashirin?

Malamanmu na mazhabar Imam Malik sun ƙidaya rashin shamaki cikin sharuɗɗan ingancin alwala da wanka. Shehu Ahmad Dardir, malamin Masar da ya rasu a shekarar 1201 ta Hijira, ya ambace shi a littafinsa Aƙrabul Masalik, kuma misalan da malamai ke bayarwa su ne kakin zuma, da kwalta, da kitsen da ya daskare a kan gaɓa. Ka'idar mai sauƙi ce: duk abin da ke da jiki, wanda za a iya kankarewa ko ɓarewa, kuma yana hana ruwa isa ga fata ko akaifa, shamaki ne. Abin da launi ne kawai ya rage, ba shamaki ba ne. Da wannan ka'ida lalle ya kuɓuta, domin idan an wanke ƙullinsa, abin da ya saura rini ne da ya shiga jikin akaifa, ruwa na hawa kansa yadda yake hawa kan fata. Jan farce kuwa, tsoho da sabo, rufi ne a bisa akaifa.

A lura da kyau, shi jan farcen ba najasa ba ne, kuma ado ga miji abu ne da shari'a ke so. Macen da ta yi alwala cikakkiya sa'an nan aka shafa mata, sallarta da wannan alwala ta inganta. Amma da zarar alwalar ta warware, wadda za ta sake yi bisa rufin ba ta inganta ba, haka nan wankan janaba da na haila da na biƙi. A ɗauka misali amarya an yi mata shi ranar ɗaurin aure, ya zauna kwana 21. Salla biyar sau 21, salla 105 ke nan ba da tsarki ba, a cikin kwanakin da take buɗe sabon gida tana neman albarka. Haka mai zuwa Hajji ko Umra, domin tsarki sharaɗi ne na ɗawafi a wurinmu.

Akwai hujjoji da muke ji a bakin mutane, ya kamata mu tsaya a kansu. Wasu na cewa ai an yi rangwame ga shafa bisa huffi, kuma wannan ma an sa shi bisa tsarki. Amsa ita ce rangwamen huffi nassi ne ya zo da shi, a kan ƙafa, ba a auna safar hannu ma a kansa, balle fenti. Wasu na auna shi da ɗaurin karaya ko na miki. Wannan kuwa lalura ce, ana tsoron cuta idan an kwance, alhali kwalliya ba lalura ba ce. Waɗanda suka ɗan yi karatu kuma sukan kawo zancen zobe, cewa a mazhabarmu ba a wajabta motsa zoben da shari'a ta yi izini da shi ba ko da ya matse. Gaskiya ne, amma a daidai wurin da Shehu Halil ya faɗi haka cikin Muhtasar, nan take ya biyo da cewa abin da ba zobe ba sai an kawar da shi. Taimama ma ba mafita ba ce, tun da ga ruwa, ga lafiya, kuma shamakin yana ciruwa.

Sai kuma wanda ake tallarsa da sunan verni halal, ana cewa yana numfashi, ruwa na ratsa shi. A fahimtarmu, ratsawar ɗan tururi ko laima daban, wankewa daban. Wanki a wurin malamanmu shi ne gudanar ruwa bisa gaɓa tare da cuɗawa, kuma gwajin da ake yi da ɗigon ruwa bisa takarda bai nuna abin da ke faruwa a akaifa mai hawa biyu ko uku ba. Ba ma ba kowa shawarar ta jingina farillarta ga maganar mai sayarwa.

Mai haila tana iya yin adonta tun da ba ta salla, amma ta yi lissafi. Mafi tsawon haila a mazhabarmu kwana 15 ne, yawancin mata kuwa shida ko bakwai suke yi, tsarki kuma yana iya zuwa cikin dare. Wadda ba ta da abin cirewa a ɗakinta, ta sa kanta cikin ƙunci da hannunta. Irin na da ya fi dacewa da waɗannan kwanaki, lalle kuwa ya fi su duka.

YADDA AKE CIRE SHI

Yanzu sai mu zo ga aikin hannu, wanda shi ne muka fi so ya shiga gidaje, domin da yawa ba ƙin gaskiya ke sa su jinkiri ba, rashin sanin yadda za su yi ne, ko rashin kuɗin komawa shago.

Farkon abin da za mu hana shi ne ɓarewa da haƙori ko da reza ko da wata akaifar. Akaifa siririya ce, kaurinta wajen rabin milimita, kuma hawa-hawa take kamar albasa. Robar ta kama hawan sama da ƙarfi, idan aka fizge ta sai ta taho da shi, a bar akaifa fari-fari, tana tsagewa, tana zafi idan ta taɓa ruwan ɗumi ko barkono. Akaifar hannu kuwa kimanin milimita 3 take tsirowa a wata, sai ta yi wata huɗu zuwa shida kafin sabuwa ta maye gurbin wadda aka ɓata, ta ƙafa har shekara ko fiye. Ga shi kuma ɓarewa ba ta fitar da shi duka, takan bar ɓurɓushi a gefe, watau an cuci hannu kuma ba a sami tsarkin ba.

Abin da ke sassauta shi shi ne aseton, wani ruwa fari mai ƙarfin wari da ake samu a farmasi da wajen masu sayar da kayan kwalliya. A duba kwalbar da kyau, domin akwai maganin goge verni da aka rubuta masa da Faransanci cewa babu aseton ciki. Wannan na tsohon jan farce ne, ko an kwana ana gogawa ba zai yi aiki a nan ba. Ban da shi, a tanadi auduga, da abin goge akaifa wanda mata ke kira lim, da bazilin ko man kaɗanya, da takardar alminiyom ko ledar nan mai laushi ta naɗe abinci, da ɗan tsinken itace mai faɗin baki. Aseton ba giya ba ne, ba kuma najasa ba, kada wani ya shiga waswasi a kansa.

Da farko a goge saman kowace akaifa da lim a hankali, har ƙyallin ya dushe. Manufa ita ce a fasa hawan sama, domin shi ne garkuwar da ke hana aseton shiga. Ba a son a ci gaba har a kai ga akaifar kanta. Idan launi ya soma yin fari-fari kamar an barbaɗa gari, ya isa. Mafi yawan masu cewa sun jiƙa bai fita ba, wannan matakin suka tsallake.

Sa'an nan a shafa bazilin ko man kaɗanya a fatar da ke kewaye da akaifa, ban da kan akaifar, saboda aseton yana tsotse maiƙon fata. A yanka auduga daidai girman akaifa, a jiƙa ta sosai, a ɗora, a naɗe kan yatsa da takardar alminiyom ko leda, a matse yadda iska ba za ta shiga ba, amma ba har jini ya tsaya ba. Matsewar nan tana da muhimmanci a ƙasarmu fiye da ƙasashen sanyi. Aseton yana tafasa ne a zafin digiri 56 kacal, mu kuwa a watannin Afrilu da Mayu zafin inuwa kan haura 40, saboda haka audugar da ba a rufe da kyau ba za ta bushe kafin ta yi aiki. Ya fi sauƙi a yi hannu ɗaya a gama kafin ɗayan, ko ƴar'uwa ta taimaka.

A jira minti 10 zuwa 15 ba tare da buɗewa ana leƙawa ba. Sa'an nan a kwance yatsa guda, sauran na naɗe. Za a ga robar ta tattare ta tashi kamar ɓawon gyaɗa soyayya. A tura ta da tsinken itace daga gindi zuwa baki, ba da ƙarfi ba. Abin da ya ƙi tashi kada a yi kokawa da shi, a sake jiƙa auduga a mayar da naɗin minti 5. A lokacin hunturu aikin yakan ɗan ƙara jinkiri, sai a rufe hannun da zane ko tawul domin ɗumin jiki ya taimaka. Wadda hannunta ke da kaushi mai tsagewa ko yanka ta rufe wurin da man sosai, domin zai yi raɗaɗi.

A nan ne muke so a fi natsuwa, domin nan fiƙihu da aikin hannu suka haɗu. Tafiyar launi ba ita ce ƙarshen aiki ba. Mun ambata cewa hawan ƙasa ba shi da launi, kuma shi ya fi kama akaifa. Sau da yawa ja ko shuɗin ya fita, mace ta ga akaifarta fes, ta tashi ta yi alwala, alhali wani siririn rufi mai kama da gilashi yana nan kwance. A duba a cikin haske, da rana ya fi. Akaifar da aka jiƙa da aseton takan fito a bushe, ba ƙyalli. Duk inda aka ga tabo mai sheƙi, ko aka ji tudu idan an bi da tsinke, musamman a gindi da kusurwoyi, saura ne, a sake ɗora auduga. Haka a duba ƙarƙashin bakin akaifa, domin masu shafawa sukan rufe bakin da gangan don kada ya tashi da wuri. Amma idan an goge, an duba, ba a jin komai, sai ɗan jirwayen launi da ya rina akaifa, wannan hukuncinsa hukuncin lalle ne, kada a bi waswasi har a goge akaifa ta zama takarda.

Bayan haka a wanke hannu da sabulu sosai, domin bazilin mai kauri da ya taru a gefen akaifa shi ma yana iya tare ruwa. A yi alwala ko wanka, sa'an nan a shafa man kaɗanya ko man zaitun a bar shi ya shiga, safe da dare har mako guda. Man da ya narke ya bi jiki ba ya hana alwala ta gaba.

Wadda lokacin salla ya matso kuma babu aseton kusa, lim kaɗai yana iya cinye robar, sai dai da haƙuri da sassauci, tana dubawa kada ta zarce. Farcen roba da ake mannawa, da jel mai tauri da ake ƙara tsawo da shi, hukuncinsu ɗaya ne da abin da muka faɗa, amma wani nau'insu aseton ba ya narkar da shi, sai an yanke an goge; wannan a koma wa wadda ta sa shi ya fi. Mu tuna kuma Imam Muslim ya ruwaito daga Anas cewa an iyakance mana kada a bar akaifa fiye da kwana 40 ba a yanke ba.

GARGAƊI A KAN WUTA DA LAFIYA

Aseton yana kama wuta kamar fetur, tururinsa kuma ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa har ya isa inda garwashi yake. Ɗakin mace a wurinmu kuwa ba ya rasa kaskon turaren wuta, ko maganin sauro mai hayaƙi, ko fitilar kananzir idan an ɗauke wuta. A fitar da su duka, a buɗe taga, ko a zauna a tsakar gida nesa da murhu da tukunyar gas. Kada a ɗora shi a wuta da sunan ɗumamawa. Kada a juye shi a gorar ruwa ko ta lemo, domin kamarsa ɗaya da ruwa, yaro zai ɗauka ya sha. Kada kuma a maye gurbinsa da fetur ko kananzir ko ruwan tsinka fenti.

Shi kansa danƙon, tun yana ruwa kafin ya sandare, yana iya jawo borin jini idan yana taɓa fata: ƙaiƙayi, kumburi, ƙuraje a yatsu, wani lokaci har a fatar ido, ko akaifa ta rabu da nama. Ƙungiyar likitocin fata ta Birtaniya ta yi gargaɗi a kan haka a shekarar 2018. Tarayyar Turai ta taƙaita wani sinadarinsa mai suna HEMA ga ƙwararru kaɗai tun 2021, ta kuma hana wani mai suna TPO daga 1 ga Satumba 2025. Wannan ya isa ya sa mai saye a kasuwa ta karanta abin da ke jikin kwalba. Wadda ta cire ta ga akaifarta ta yi kore ko baƙi-baƙi, alama ce ruwa ya maƙale ƙarƙashin robar ƙwayar cuta ta samu wuri. Kada ta sake rufewa, ta je likita.

WADDA TA RIGA TA YI SALLA DA SHI

Kada ta yanke ƙauna, kada kuma ta ce abin da ya wuce ya wuce. Littafin Ahalari, wanda yaranmu ke karantawa a makarantun zaure, ya bayyana cewa wanda ya manta wani wuri a wankansa zai wanke shi da zarar ya tuna, ko da bayan wata guda ne, ya rama sallolin da ya yi a tsakani, idan kuma ya jinkirta bayan ya tuna wankan ya ɓaci. Wannan ga mai mantuwa ke nan, kamar wadda ta cire sa'an nan ta gano saura daga baya: ta kankare, ta wanke wurin da niyya, ta rama. Wadda kuwa ta bar shi tana sane da yana nan, sai dai ba ta san hukunci ba, ta cire, ta sake wankan gaba ɗaya, ta ƙidaya kwanakin gwargwadon rinjayen zatonta, ta fitar da kwanakin haila, ta rama a jere daidai ikonta. Akwai malamai, kamar Ibn Taimiyya, da suke ganin wanda hukunci bai isa gare shi ba ba ya ramuwa, amma mashahurin zance a mazhabarmu shi ne ramuwa, kuma shi ya fi kuɓutar da wuya. Azuminta na waɗannan kwanaki bai ɓaci ba, domin ingancin azumi bai rataya ga wanka ba.

Mas'ala ta ƙarshe ta mata masu wankan gawa ce. Idan aka kawo mamaciya da jan farce a hannu ko ƙafa, a cire shi kafin wanka ta hanyar da muka bayyana, cikin tausasawa, ba tare da yanke akaifa ba, domin yanke akaifar mamaci makaruhi ne a wurin malamanmu. Ya kyautu kwamitin kowane masallaci ya ajiye ƙaramar kwalbar aseton da auduga da lim tare da kayan likkafani, a rufe da kyau a wuri mai inuwa, domin rasuwa kan zo da dare, lokacin da shaguna ke kulle. Wallahu a'alamu.